Gidaje masu yawa kusa da tashar jirgi: doka da damuwar mazauna unguwa a jihar Masacusets ta Amurka

A manyan biranen ƙasashe masu arziki, samun wurin zama ya zama babbar matsala ga mai ƙaramin ƙarfi. Aiki yana cikin birni, amma kuɗin haya da farashin gida sun fi ƙarfin ma'aikaci. Don haka wasu gwamnatoci suka kafa dokokin da ke tilasta wa garuruwa su yarda a gina gidaje masu ɗaukar iyalai da yawa kusa da tashoshin jirgin ƙasa da na bas. Mazauna unguwanni da dama ba su ji daɗin wannan mataki ba. Wannan shafi zai bayyana yadda lamarin ya gudana a jihar Masacusets, a arewa maso gabashin Amurka, inda gardamar ta kai har gaban kotun ƙoli ta jihar.

Ma'anar wasu kalmomi

Muhalli: wurin zaman iyali ɗaya, ko gida ne sukutum, ko sashe ne a cikin babban gini.

Dokar tsara unguwanni: dokar da gari ke kafawa don faɗin irin ginin da za a iya yi a kowane yanki, da tsayinsa, da girman filinsa.

Ekta: fili mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100.

Zaɓen raba gardama: ƙuri'ar da mutanen gari ke jefawa don su amince da wata shawara ko su ƙi ta.

Asalin matsalar

Jihar Masacusets tana da mutane kimanin miliyan 7, da birane da garuruwa 351. Babban birninta shi ne Boston. Tun da daɗewa kowane gari shi ke tsara unguwanninsa da kansa. Kotun ƙolin Amurka ta tabbatar wa garuruwa wannan iko a cikin shekara ta 1926.

Yawancin garuruwan da ke kewaye da Boston sun yi amfani da ikon wajen kafa ƙa'ida ɗaya: fili ɗaya, gida ɗaya, iyali ɗaya. A wasu wuraren ma sai filin ya yi girma ƙwarai kafin a ba da izinin gini. Wanda ke son ya gina bene mai ɗaukar iyalai da yawa sai ya nemi izini na musamman. Neman iznin kan ɗauki watanni ko shekaru, ana zaman sauraron jama'a ɗaya bayan ɗaya, kuma sau da yawa a ƙarshe a hana shi.

Ana cikin haka jami'o'i da asibitoci da kamfanonin Boston suka ci gaba da jawo ma'aikata. Mutane suna ƙaruwa, gidaje ba sa ƙaruwa daidai da su. Abin da ke faruwa a kasuwa idan masu saye sun fi kaya yawa shi ya faru: farashi ya hau. A wasu watannin shekara ta 2024, matsakaicin farashin gidan iyali ɗaya a yankin Boston ya haura dalar Amurka 900,000, wato fiye da miliyan 500 na kuɗin sefa. Malaman makaranta, da ma'aikatan jinya, da direbobi, da samarin da suka yi sabon aure, da yawansu sun kasa zama a garin da suke yi wa aiki. Wasu sun koma nesa, wasu sun bar jihar gaba ɗaya. A watan Fabrairun 2025 gwamnatin jihar ta ƙiyasta cewa tana buƙatar ƙarin muhalli 222,000 kafin shekara ta 2035.

Abin da doka ta ce

A watan Janairun 2021, gwamnan jihar na lokacin, Charlie Baker, ya sa hannu a kan wata doka da ta shafi garuruwa 177. Waɗannan su ne garuruwan da jiragen hukumar sufuri ta MBTA ke ratsawa, da kuma maƙwabtansu. Shi birnin Boston ba ya cikin lissafin. Dokar ta ce kowane gari daga cikinsu ya ware aƙalla yanki ɗaya mai madaidaicin girma, wanda ya cika waɗannan sharuɗɗa:

1. A cikin yankin, ana iya gina gida mai muhalli 3 ko fiye ba tare da neman izini na musamman ba.

2. Yankin ya iya ɗaukar aƙalla muhalli 37 a kowace ekta.

3. Idan garin yana da tasha, to yankin, ko wani kaso nasa, ya kasance cikin tazarar mita 800 daga tashar.

4. Kada a taƙaita gidajen ga tsofaffi kaɗai. Su zama sun dace da iyali mai yara.

Daga baya ma'aikatar gidaje ta jihar ta kasa garuruwan kashi huɗu. Garuruwa 12 da ke da jirgin cikin birni mai yawan zirga-zirga su ne aka fi ɗora wa nauyi: yankin da za su ware ya iya ɗaukar muhalli daidai da kashi 25 cikin 100 na gidajen da suke da su a 2020. Garuruwan da jirgin kai ma'aikata birni ke tsayawa a cikinsu, kashi 15. Maƙwabtansu, kashi 10. Ƙananan garuruwan gefe, kashi 5. Garin da ya ƙi bin doka zai rasa wasu tallafin kuɗi na jiha, irin na gyaran hanyoyi da bututun ruwa.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata mai karatu ya fahimta da kyau, domin a kansu ne aka fi samun ruɗani.

Na farko, dokar izini ta buɗe, ba ta umurci kowa ya yi gini ba. Ba a karɓe filin kowa ba, ba a rushe gidan kowa ba. Mai fili ne zai ga dama ya gina, ko ya sayar, ko ya bar gidansa yadda yake. Kuma ana yin lissafin muhallin ne kamar a ce filin fanko ne. Saboda haka wasu garuruwa suka shata yankinsu a inda benaye suka riga suka cika, suka cika sharaɗin doka a takarda, alhali sabon ginin da zai tashi kaɗan ne.

Na biyu, muhalli 37 a ekta ba ya nufin dogayen benaye masu taɓa sama. Idan aka raba ekta gida 37, kowane muhalli zai samu murabba'in mita 270, wato kusan fegi mai mita 15 a kan mita 18. Tsofaffin unguwannin Boston cike suke da gidajen katako masu hawa uku, iyali ɗaya a kowane hawa, waɗanda aka gina fiye da shekara 100 da suka wuce. Irin wannan gini ya isa ya cika sharaɗin.

Me ya sa kusa da tasha?

Hujjar gwamnati ita ce, jama'ar jihar duka ne ke biyan kuɗin jiragen ta hanyar haraji. Idan tasha tana kewaye da manyan filaye masu gida ɗaya-ɗaya, mutane kaɗan ne za su iya zuwa wurinta da ƙafa. Mita 800 tafiyar minti 10 ce. Wanda ke zaune cikin wannan tazara yana iya zuwa aiki ba tare da mota ba. Iyalin da ya rage mota ɗaya ya rage kuɗin mai, da na inshora, da na gyara. Hanyoyi kuma su samu sauƙin cunkoso, hayaƙi ya ragu. Bayan haka, ƙara gidaje a inda hanya da ruwa da wuta suka riga suka isa ya fi araha bisa ga sare daji a kafa sabuwar unguwa.

Damuwar mazauna unguwa

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan shi ne ginshiƙin ƙorafin mazauna: su ne suka san hanyar da ke cushewa da safe, da kwatar da ke ambaliya idan an yi ruwa. Ga manyan damuwoyinsu, da abin da aka sani game da kowace.

Cunkoson motoci da wurin ajiye su. Mazauna suna cewa ko da mutum yana zaune a bakin tasha, zai sayi mota don zuwa kasuwa, da kai yara makaranta, da zirga-zirgar lokacin sanyin ƙanƙara. Wannan magana tana da tushe, musamman a garuruwan da jirgi ke zuwa jefi-jefi. Amincin jiragen ma ya taɓa shiga shakka: a shekara ta 2022 hukumomin tarayya sun binciki MBTA kan matsalar tsaro, har aka rufe wani babban layi na kwana 30 don gyara. A ɗaya gefen kuma, ma'aikacin da ya kasa samun gida kusa yakan koma nesa, ya riƙa ratsa waɗannan garuruwa da mota kullum. Cunkoson yana nan ko an gina ko ba a gina ba.

Makarantu. A Masacusets, harajin gidaje shi ne babbar hanyar da gari ke biyan kuɗin makarantunsa. Wata doka ta 1980 kuma ta hana gari ƙara jimillar wannan haraji fiye da kashi 2 da rabi cikin 100 a shekara, in ban da na sababbin gine-gine, sai da yardar masu zaɓe. Shi ya sa iyaye ke tsoron kada yara su yi wa azuzuwa yawa. Sai dai binciken da hukumar tsara yankin Boston ta yi a 2017 bai ga wata alaƙa mai ƙarfi tsakanin yawan sababbin gidaje da ƙaruwar ɗalibai ba. Haihuwa ta ragu a jihar, kuma galibin mazauna ƙananan sassan bene ba su da yara da yawa. Duk da haka makaranta ɗaya a unguwa ɗaya tana iya cika, ko da lissafin jiha duka bai nuna ba.

Ruwan sha da magudanar ƙazanta. Wannan ita ce damuwa mafi nauyi a ƙananan garuruwa. Wasunsu da rijiyoyi suke sha, kuma kowane gida da ramin ƙazantarsa. Dokar ba ta tilasta wa gari ya shimfiɗa sababbin bututu ba, ba ta kuma soke dokokin kare ruwa da fadama ba. Inda ruwa bai isa ba, gini ba zai tashi ba. Amma inda ya kusa isa, tambayar wanda zai biya kuɗin faɗaɗa bututun tambaya ce ta gaskiya.

Kamannin unguwa. Wanda ya sayi gida a layi mai itatuwa da shiru yana gudun bene ya tsaya masa a kan katanga, ya tare masa rana, a riƙa hango tsakar gidansa. Dokar ta bar wa gari ikon ƙayyade tsayin gini, da tazararsa daga titi, da yawan wurin ajiye mota, muddin ƙa'idojin ba su toshe ginin gaba ɗaya ba.

Araha. Wasu suna tambaya: waɗannan sababbin gidaje na wane ne? Dokar ba ta wajabta gidaje masu rahusa ba. Ta dai yarda gari ya ce kashi 10 cikin 100 na muhallin sabon gini a keɓe su ga masu matsakaicin ƙarfi, ko fiye da haka idan bincike ya nuna ginin zai iya ɗauka. Sabon gini yakan yi tsada. Masu goyon baya suna amsawa da cewa idan mai hali ya shiga sabon gini, ya bar tsohon ga wanda bai kai shi ba.

Ikon gari. Garuruwan wannan yanki sun shafe shekaru kusan 400 suna yanke shawara a taron gari, inda mazauna ke haɗuwa su yi muhawara su jefa ƙuri'a. Mutane da yawa sun ce ba gidajen suke ƙi ba, umurnin da ya zo daga sama ne ya ɓata musu rai.

Muryar da ba a ji

Akwai wani ɓangare da ba ya halartar taron gari, domin bai samu wurin zama a garin ba tukuna. Malaman jami'ar Boston uku, Katherine Einstein da David Glick da Maxwell Palmer, sun karanta rahotannin zaman sauraron jama'a na garuruwa 97 a yankin, suka fitar da sakamakon a littafi a 2019. Sun gano cewa kashi 63 cikin 100 na waɗanda suka yi magana kan sababbin gidaje adawa suka yi, kimanin kashi 15 kawai suka goyi baya. Sun kuma gano cewa masu maganar galibi masu gidan kansu ne, manya a shekaru, waɗanda suka daɗe a garin. Ɗan haya, da mai aikin dare, da uwar da ba ta da mai riƙe mata yara, ba kasafai suke zuwa ba.

A nan tushen rikicin yake. Wahalar sabon gini a kan layi ɗaya take sauka, kuma mutanen layin sun san juna, sun san ranar taro. Amfaninsa kuwa a warwatse yake a kan dubban mutanen da ba su san juna ba. Idan kowane gari ya ce a gina amma a wani wuri, to babu inda za a gina. Wannan ne dalilin da ya sa gwamnatin jiha ta shiga tsakani.

Abin da ya faru a garin Milton

Milton gari ne mai mutane kimanin 28,000, a kudancin Boston. Wani gajeren layin taragon lantarki yana ratsa gefensa, da tasha huɗu a cikin garin, kuma taragon na tun shekarun 1940 ne. Saboda wannan layi aka sa Milton cikin garuruwa 12 masu nauyin kashi 25, wato muhalli 2,461.

A watan Disambar 2023 taron wakilan garin ya amince da wani tsari. Masu adawa suka tattara sa hannun jama'a, suka tilasta zaɓen raba gardama. Hujjarsu biyu ce: tsohon tarago mai ɗaukar mutane kaɗan bai kai a kira shi jirgin birni ba, kuma an jibge kaso mai yawa na gidajen a gabashin garin, inda cunkoso ya riga ya yi yawa. Ranar 14 ga Fabrairun 2024, kashi 54 cikin 100 na masu zaɓe suka ƙi tsarin.

Gwamnatin Maura Healey, wadda ta gaji Baker, ta janye tallafin kimanin dalar Amurka 140,000 da ta yi wa garin alkawari don gyaran katangar bakin ruwa. Babbar lauyar jihar, Andrea Campbell, ta kai Milton ƙara. Ranar 8 ga Janairun 2025 kotun ƙolin jihar ta yanke hukunci. Ta ce dokar ba ta saɓa wa tsarin mulki ba, bin ta wajibi ne, kuma babbar lauya tana da ikon tilasta ta. Amma ta ce ma'aikatar gidaje ba ta bi matakan da suka kamata ba wajen fitar da ƙa'idojinta, don haka sai ta sake su. Cikin mako ɗaya ma'aikatar ta fitar da ƙa'idojin gaggawa, ta ba garuruwan da suka makara wa'adi zuwa 14 ga Yulin 2025. A watan Yunin 2025 taron wakilan Milton ya amince da sabon tsari.

Wasu garuruwa sun bi wata hanyar. Sun ce jiha ta ɗora musu aiki ba ta ba su kuɗinsa ba, kuma ofishin mai binciken kuɗin jiha ya goyi bayansu a Fabrairun 2025. Wata kotu ta yi watsi da wannan ƙara a watan Yuni na shekarar.

Garin Lexington kuma darasinsa daban ne. A 2023 ya ware fiye da ekta 90, abin da ya zarce buƙatar doka nesa ba kusa ba. Magina suka kawo takardun neman gina muhalli kusan 1,000 cikin ƙanƙanen lokaci. A 2025 mazauna suka sake zama, suka rage yankin da fiye da rabi. Wannan ya nuna cewa inda aka buɗe ƙofa da gaske gidaje suna zuwa, kuma saurin zuwansu yana iya girgiza ko garin da ya yi maraba da su. Zuwa ƙarshen 2025, mafi yawan garuruwa 177 sun amince da yankunansu.

Wasu wurare masu irin wannan doka

Masacusets ba ita kaɗai ba ce. A 2020 ƙasar New Zealand ta umurci manyan biranenta su yarda da bene mai hawa 6 kusa da tashoshin jirgi. A 2023 lardin British Columbia na Kanada ya yarda da bene har mai hawa 20 a bakin tashoshin jirgin birnin Vancouver. A watan Oktoban 2025 gwamnan Kalifoniya, Gavin Newsom, ya sa hannu a kan dokar da ta yarda da bene har mai hawa 9 a bakin manyan tashoshi, duk da adawar majalisar birnin Los Anjeles. A ko'ina ƙorafin iri ɗaya ne: motoci, ruwa, makaranta, da ikon gari.

Abin da ya kamata a riƙe

Zo mu zauna, zo mu saɓa, in ji masu iya magana. Ƙarin maƙwabta ba ya rasa kawo ƙarin gardama, amma abin da ya faru a waɗannan garuruwa ya nuna cewa gardamar ta fi amfani idan an tsaya a kan tambayoyi masu amsa:

1. Dokar umurnin gini ce, ko izini kawai ta buɗe?

2. Muhalli nawa aka rubuta a takarda, nawa ne kuma ake sa ran za a gina da gaske?

3. Ruwa da magudana da makaranta za su ɗauka? Idan ba za su ɗauka ba, wa zai biya kuɗin faɗaɗa su?

4. An raba nauyin a kan unguwanni da adalci, ko an jibge shi a kan ɗaya?

5. Jirgin da aka dogara da shi yana zuwa a kan lokaci?

6. Wa bai samu zuwa taro ba, kuma ta wace hanya za a ji ta bakinsa?

Mazaunin da ya san unguwarsa yana da haƙƙin a saurare shi kafin a shata yanki. Ma'aikaciyar jinyar da ke tafiyar awa guda kafin ta iso asibitin garin ita ma tana da haƙƙin a lissafa da ita. Tsarin da ya amsa waɗannan tambayoyi shida tun kafin ranar ƙuri'a shi ya fi samun karɓuwa, shi ne kuma ya fi wuyar rushewa a kotu.